Namijin Dabinon Malam Kar-a-taɓa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, mai unguwarmu, liman da na'ibinsa, shugabar makaranta da malamanta, ma'aikatan asibiti, dattawa maza da mata. Yaya, wadda ta goyi marigayi a bayanta. Mai ɗakinsa, uwar 'ya'yansa. 'Ya'ya da jikoki, musamman babbansu Kafinta. 'Yan kwamitin tunawa, waɗanda zan dawo kansu anjima. Jama'a, sannunmu da rashi.

An zaɓe ni in yi magana saboda shagon ɗinkina yana kallon lambunsa, kuma duk unguwar nan babu wanda ya sha faɗansa kamar ni. An ja mini kunne in gajarta, in kuma sassauta. Gajartawa zan gwada. Sassautawa kuwa, ku yafe mini, tun jiya raina a ɓace yake.

Ya kasance mutum mai kalma ɗaya, har ta zame masa suna. Ka miƙa hannu ga ganye, kar a taɓa. Ka sunkuya kan gwangwanin da ya shuka iri, kar a taɓa. Yara da yawa sun girma ba su san yana da wani suna ba sai Malam Kar-a-taɓa.

Ya kasance mai haƙuri da ƙasa, marar haƙuri da mutane. Ga mai shayi nan, ba zai ƙaryata ni ba. Malam ya ba shi ƙwayar tsamiya, bayan ya goge ɓawonta a kan dutse ya jiƙa ta, don ruwa ya samu hanyar shiga. Mai shayi ya binne, amma kullum da safe sai ya tone ya duba ko ta tsiro. Da ya zo ƙorafi, Malam ya ce, "Kai, in ana buɗe maka tukunya kowane lokaci, ruwan shayinka zai tafasa? Saiwa take fara fitarwa, ƙasa take nufa kafin sama. Ka ƙyale ta!" Yau a inuwar tsamiyar mai shayi yake kafa teburinsa.

Ya kasance mai bayarwa ba tare da an roƙa ba. Darbejiyar da masu jinya suke zama a ƙarƙashinta a asibiti, daga gwangwaninsa ta fito. Mangwaron makaranta, shi ya haɗa reshen mai zaƙi a kan tushen mai ƙarfi, ya naɗe da hannunsa. Bai taɓa neman a gode masa ba, in ma ka gode sai ya tambaye ka yaushe rabonka da ba itacen ruwa.

To, me muka yi masa? Bari in faɗa, tunda ba ya nan balle ya faɗa da kansa. Ranar da ya rasu, saboda ƙauna, muka shiga gyaran wuri don masu ta'aziyya. Aka ga kuɓewa da wake sun bushe a tsaye a ƙarshen lambu, aka ce ciwo ne ya hana shi sharewa. Aka tuge, aka tara, aka cinna wuta. Jama'a, iri ne! Da gangan yake barin mafi kyawu su bushe a jikin uwarsu. Irin da ya yi shekaru yana zaɓe, muka ƙone shi da rana tsaka muna yi masa addu'a. Mai ɗakinsa tana cikin ɗaki, ba ta sani ba sai da ta ji ƙauri. Wannan ya wuce, ba ya dawowa.

Sai jiya na ji wata sabuwa. Kwamiti ya yanke shawarar gina rumfar tunawa, da allo mai ɗauke da sunansa. Madalla. A ina? A wurin wancan dabino da ke bayanku, ku waiwaya ku gan shi. Wai gobe mai gatari zai zo. Na tambayi shugaban kwamiti, mai kantinmu, me dabinon ya yi. Ya ce, "Tela, tunda nake ban taɓa ganin ɗa ko ɗaya a kansa ba, tsayuwar banza yake yi."

Haba mai kanti! Ina zai yi ɗa? Namiji ne!

Dabino ba kamar mangwaro ba ne. Akwai mace, akwai namiji, kowanne da bishiyarsa. Macen ce take 'ya'ya, amma sai garin furen namiji ya kai gare ta. In bai kai ba, 'ya'yan su fito a tsamure, babu ƙwallo, babu zaƙi, su zube. Dabinon makaranta mace ce. Na asibiti mace ce. Na ƙofar liman, da na tsakar gidan marigayi, da wanda ke bayan kantinka, mai kanti, wanda jikokinka suke jifa, duk mata ne. Namiji ɗaya tak muke da shi a unguwar nan, kuma shi muka zaɓa mu sare don girmama mutumin da ya rene shi.

Kun ɗauka iska ce take yi mana aikin? Iskar nan sunanta Malam! Duk shekara, in kuben furen namijin ya tsage, sai ya leƙo shagona ya ce, "Tela, ƙyalle." In kwaso masa guntayen yadi. Ya yanko silin fure, mai ɗakinsa ta shanya a faifai a inuwa. Daga nan mu bi gida gida, ni ina riƙe da tsani, shi yana sama, yana cusa silin namiji a tsakiyar furen mace yana ɗaurewa da ƙyallena. Ku ɗaga kai a gidajenku, za ku ga ragowar rigar wani tana lilo a can. Mutane suna wucewa suna cewa tsofaffin nan ba su da aikin yi.

Kai ma Malam, Allah ya jiƙanka, ka ba mu wahala. Baki gare ka, amma bayani ya gagare ka. Sau nawa na ce ka tara yaran nan ka nuna musu? Sai ka ce, "Mai ido ya gani." To ga shi, mun gani, mun ɗauko gatari. Ina jin haushinka, kuma wallahi ina kewarka. Har yau in inuwa ta gifta ƙofar shago, sai in kai hannu buhun ƙyalle.

Yaya, ke ce babba, ki sa baki. Mai ɗakinsa, kin rasa kuɓewa da wake kina shiru saboda kunya. Wannan karon ki yi magana, gidanki ne. 'Yan kwamiti, niyyarku mai kyau ce, ba na musu. Ku kafa rumfar a inda muka ƙone irin, ai wurin ya share.

Kafinta, ɗana, saura kai. An ce kai za ka buga rufin rumfar, har ka auna katako. Ajiye ma'aunin tukuna. Yau da safe kuben ya tsage, ga garin furen nan a hannun rigata, fari kamar alli. Furen matan ma ya buɗe, kuma ba ya jira a gama zaman makoki; in ya wuce, bana babu dabino a unguwar nan. Ni gwiwata ta ƙi tsani tuntuni. Kai kuwa kullum kana kan rufin bene kamar ƙadangare. Mahaifiyarka ta san shanyawa, ni na san riƙon tsani da inda ake cusawa, don na gaji da kallo daga ƙasa. Hawa kawai muka rasa.

Na ga ka gyaɗa kai. Jama'a, kun shaida. Mai kanti, kai za ka sallami mai gatari, ko in je da kaina? To, ya ce shi zai je. Alhamdu lillahi.

Muna godiya ga duk wanda ya baro aikinsa ya zo, da waɗanda suka yi ɗawainiya da iyalinsa. Wanda maganata ta ɓata wa rai ya yafe mini, a wurin marigayi na koya.

Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa duk inuwar da ya dasa da duk ɗan itacen da yaro ya tsinta su zame masa sadaka mai gudana. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Kafinta, in an shafa, tsanin yana jingine a bayan shagona, ga ƙyallen nan a aljihuna. Sauran jama'a kuwa, za ku wuce ta gefen dabinon nan in kun tashi. Kar a taɓa.