Ba da Gawata Za Ku Tsorata Surukata Ba

Shugaban zuriyar Hang ta nan St. Paul, ƙanin mijina Wa Neng, dattawan da ke zaune a teburin gaba, masu busa da masu kiɗan jana'iza, surukanmu da suka zo daga gidajen Kue da Moua, iyaye mata da ke can baya kusa da ƙofar kicin inda aka saba ajiye mu, samari da 'yan matan da aka kira yau a ba su kyautar gama makaranta, jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Mee Lor, matar marigayi Chong Tou Hang. Karatuna bai wuce ɗan abin da aka koya mana a sansanin gudun hijira ba, shi ma ya daɗe da tafiya. Yer, sakatariyar ƙungiya, ita ke rubuta abin da nake faɗa. Yer, ki rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ki sa masa sukari.

Ina godiya ga waɗanda suka kama mana wannan ɗakin taro, ina godiya ga samarin da ke zuwa kwashe mini ƙanƙara a ƙofar gida tun da mai gidana ya rasu, ina godiya ga wadda ta dafa naman nan, ko da yake gishirin ya yi yawa. Shugaba ya ba ni makirfo ne in sa wa yara albarka. Zan sa musu, amma sai na gama abin da ya taso ni daga kujera.

Maganata ta farko a kan surukata ce, Panyia, matar autana Leng. Ga ta can tana ɓoye fuska a bayan kular shinkafa. Kun san ta, don babu gidan da bai more ta ba. Tafinta ce a kotu. Shekara da shekaru tana tsaye tsakanin mutanenmu da alƙali, tana juya maganar wannan ta kai wa wancan, tana kallon tsoho ya ce e a inda ya kamata ya ce a'a, ita kuwa aikinta bai ba ta izinin ko ta taɓa masa hannu ba. Wata rana ta dawo gida ta ce mini, “Inna, na gaji da ɗaukar maganar wasu. Ina so in yi tawa.” Na ce mata to ki yi mana. Ta ce sai ta shiga makarantar koyon aikin lauya, kuma ba a shiga sai an ci wata jarrabawa.

Ni ban san jarrabawar ba, amma a teburin kicin ɗina ake shirinta, don haka na ga kamanninta. Littattafai ne masu kaurin bulo. A ba ka maganar wani, a ce ka nemo inda ta huje. A ba ka labari mai tsawo, a ce me mai labarin yake nufi wanda bai faɗa ba. Kuma duk da agogo a kanka, yana gudu, ba ya jiran ka sha ruwa. Ba abin da za a haddace ba ne a huta. Gwaji ake yi, a sake yi, a sake yi, kamar yadda yarinya ke koyon ɗinki har hannu ya riƙa tafiya da kansa. Gwaji ɗaya yana cinye safiya sukutum, kuma dole a bar mutum shiru, babu kira, babu “ɗan zo.” Ita kuwa ranakun mako tana kotu, da yamma ga yara biyu. Abin da ya rage mata Asabar da Lahadi.

To ina tambayar ku, dattawa, Asabar da Lahadin matan zuriyar nan na waye?

Wannan ita ce maganata ta biyu. Jana'izarmu daga Juma'a take har Litinin. Ana busa, ana kiɗa, a yanka shanu, a ciyar da duk wanda ya shigo. Wa ke yanka naman? Wa ke wanke hanji? Wa ke tsaye kan tukwanen da yaro zai iya wanka a ciki? Matan 'ya'yanmu ne. Ban ce a daina ba. Ni ma a kicin ɗin jana'iza na ƙarar da gwiwoyina, kuma ban yi da-na-sani ba. Amma a ƙauyenmu na kan dutse, can ƙasarmu ta asali, sai a yi damina biyu ba a binne kowa ba. A nan kuwa mun taru mun yi yawa, tsofaffinmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, idan ba namu ba ne na surukanmu ne, idan ba a nan ba ne a Wisconsin ne, kusan kowane mako sai waya ta yi ƙara. Mun ɗauko nauyin ƙauye guda mun ɗora wa yarinya ɗaya a babban birni, muna mamakin me ya sa take tangaɗi.

Sau biyu ta zauna jarrabawar nan. Na farko makin bai kai ba. Na biyu ta shiga da yatsa a naɗe, don ta wuni biyu tana yankan naman sa a jana'izar surukin Chue Fue, ta tafi tana warin hayaƙi. Shi ma bai kai ba. Kuka ce ai yarinyar ba ta da ƙwaƙwalwar da ake faɗa.

Kuma ku ɗin ne dai, a bikin sabuwar shekara, kuka tsaya a kan wannan makirfon kuka ce zuriyar Hang ta kusa samun lauya, aka yi tafi har gidan Moua suka ji haushi. Ku ɗin ne ke tsare ta a wurin ajiye motoci, “'Yata, ɗan ji wannan, mai gidan hayar nan yana da ikon korata?” Kuna son lauya, amma ba kwa son a bar ta ta zama lauya.

Matar Chue Fue, ɗago kanki, da ke nake. Ina zaune a kicin ɗin gidan jana'iza ina tsinke ganye lokacin da Panyia ta buɗe littafinta a kan bokiti, tana jiran ruwa ya tafasa. Me kika ce mata? Kin ce, “Ranki ya daɗe lauya, ga albasa tana jiran shari'a.” Mata suka yi dariya. Ta rufe littafin ta ɗauki wuƙa. Ba ki tsaya nan ba, kika sauke tukunyar nama kika ɗora a kan littafin, kika ce, “Ashe yana da amfani.” Har yau zoben tukunyar yana nan a bangonsa. Wasa ne, na sani, mun yi wa juna wanda ya fi wannan. Amma 'yarki tana karatun aikin jinya a Duluth, kuma ban taɓa ganin ta da wuƙa a hannu ba. Ita an ce tana da nisa. Panyia laifinta kawai tana kusa.

Duk wannan na haɗiye shi. Abin da ban haɗiye ba shi ne na watan jiya, kuma shi ne maganata ta uku, shi ne ma dalilin tsayuwata.

Asabar ɗaya tak Panyia ba ta je girki ba. Ta tafi ɗakin karatu na unguwa ta yi gwajinta daga farko har ƙarshe, ta dawo tana murmushi, ta ce mini makin ya hau. Ba a yi mako ba sai ga Shugaba Wa Neng da dattawa biyu a falona. Panyia ta kawo musu shayi da lemo ta koma kicin. Ni ina ɗaki da ƙofa a buɗe, ina ɗinkin rigar da za a binne ni da ita. Kun ɗauka barci nake, ko kun ɗauka kunnena ya mutu. Idona ne ya mutu, kunnena lafiyarsa ƙalau.

Wa Neng, ga abin da ka ce wa ɗana, idan na ƙara ka tashi ka ƙaryata ni. Ka ce, “Leng, uwarka ta tsufa. Mata suna magana. Sun ce idan matarka ba ta zuwa girkin mutane, ranar da tsohuwa ta kwanta su ma ba za su zo naku ba. Ka yi tunani, kada a binne uwarka babu tukunya a kan wuta.”

Shi kuma ɗana, wanda na goya na haye kogi da shi a bayana lokacin gudun hijira, me ya ce? “To, Baba. Na ji, Baba. Za a gyara, Baba.” Leng, kada ka kalli takalminka, ni za ka kalla.

Washegari na fito na tarar teburin kicin fayau. Ta zuba littattafan a kwali ta kai gareji ta ajiye kusa da tayoyin motar da ake sawa da hunturu. Na ce ina littattafan? Ta ce, “Inna, na fasa. Ba zan bari a wulaƙanta ki saboda ni ba.” Na ce, “Ke, an gaya miki na mutu ne?” Ta ce a'a. Na ce, “To jana'izar wa kike wa hidima?” Ta ci gaba da wanke kwanon da ya riga ya fita.

Zaman jarrabawa na uku a watan Janairu ne. Wurin aikinta sun rage mata awoyi zuwa lokacin kawai, daga nan sun ce ko ta dawo gaba ɗaya ko su nemi wata. Ita da bakinta ta ce wannan ne na ƙarshe. Kuka zaɓi wannan lokacin, kuka shigo gidana, kuka sha shayina, kuka ɗauki gawata ina raye ina numfashi kuka nuna wa yarinya don ta ji tsoro. Ban ba kowa aron gawata ba. Ba ta ƙungiya ba ce, ba ta dattawa ba ce, tawa ce.

Kun ce al'ada ce, wanda ya yi wa mutane aiki shi ake yi wa. Na yarda, ni ma a kanta na tsufa. To bari mu bi al'adar har ƙarshenta. Babu gida a ɗakin nan da ban tsaya a kan tukunyarsa ba. Duk wannan aikin ajiya ce, ana jiran in mutu a biya ni. Ba zan jira ba. Yau nake so, kuma ba a hannuna za a sa ba. Yer, nan ki kula da kyau.

Matar Chue Fue, ni na dafa abincin jana'izar surukinki, na dafa na surukarki, na dafa na ƙaninki da motar ta kaɗe. Daga yau har a gama jarrabawa, duk kicin ɗin da aka nemi Panyia, gidanki ne zai aika da hannu a madadinta. Ko ke, ko matar ɗanki, ko ki kira ta Duluth ta hau mota, wannan ya rage naki.

Matar Nhia Long, lokacin da mijinki ya rasu kina kwance a asibiti, ni na riƙe kicin ɗin daga farko har aka kai shi. Ke gwiwarki ta fi tawa lalacewa, ba zan sa ki tsayuwa ba. Jikokina biyu za a kawo miki kowace Asabar da safe, a ɗauke su da yamma. Suna cin komai, ban da barkono.

Wa Neng, yayanka Chong Tou ne ya busa wa mahaifiyarku hanyar zuwa wurin kakanni a jana'izarta har leɓensa ya tsage, lokacin kai kana California. Abin da kake riƙe masa ke nan. Ka biya shi da bakinka. Duk wanda ya zo maka da ƙorafin Panyia, ka ce masa an rufe maganar. Duk mai matsalar haya ko ta 'yan sanda, ka nuna masa ofishin lauyoyin da suka riga suka ci tasu jarrabawar.

Leng, kai ba ni nake bin ka ba, matarka ce. Yau ɗin nan ka ɗauko kwalin daga gareji ka mayar kan tebur. Wanki naka ne, girkin yamma naka ne. Idan shinkafar ta ƙone za mu ci a haka.

Panyia, fito daga bayan kular nan. Ke babu mai bin ki komai a ɗakin nan, kin yanka naman da ya ishe ki. Ni kaɗai nake bin ki abu ɗaya, ki shiga ɗakin jarrabawar nan da barci a idonki da yatsu lafiyayyu. Ban ce dole ki ci ba, wannan tsakaninki ne da takardar. Idan kin faɗi, ki faɗi da kanki, kada ya zama mu muka kayar da ke.

Idan an yi wannan, to an biya ni kaf, ba na bin kowa, kuma ina so a ji ni da kyau. Ranar da na mutu, babu matar da dole ta zo ta ɗora mini tukunya. Wadda ta ga dama ta zo, wadda ba ta ga dama ba ta yi zamanta, kada a ce mata komai. Baƙin da suka zo, Leng ya sayo musu abinci a shago. Na san abin da ake faɗa a kan wadda aka sallama babu girki, na san an ce da yunwa take isa wurin kakanni. Na yi tunaninsa, ba daɗi yake mini ba. Amma Chong Tou yana can da guzurin shanu uku, kuma ni na dafa masa su. Zai raba da ni ko yana so ko ba ya so.

Yaran da suka gama makaranta, Ubangiji ya buɗe muku hanya, ya haɗa ku da manyan da za su bar ku ku bi ta. Kakanni su tsare gidajenmu, su ba marasa lafiya sauƙi, su jinkirta mana kiran waya har hunturun nan ya wuce. Kowa ya koma gida lafiya, a yi tuƙi a hankali, titi da santsi.

Na gode.