Saura Ƙasan Ƙofa

A shagon kayan gini, wani mutum na bin layi, gwangwanin kumfar toshe ramuka a hannu, busasshiyar kumfar a gemu. Dattijon da ke bayansa ya ƙare masa kallo.

"Malam, kai ka fesa kumfar ko ita ta fesa ka?"

"Bari kawai, Baba. Bututun da ake ɗaura wa bakin gwangwanin ne ya toshe. Na leƙa in ga dalili, na danna."

"Ai da an gama ake wanke shi, kafin ta daskare. Me kake toshewa?"

"Ramukan gefen ƙofa. Surukata ce ta zo mana kwana biyu, ta ce iska na shigar mata."

"Allah ya yi maka albarka. Rabin rami dai ka cika ko? Kumbura take yi."

"Wa ya gaya min? Dam na cika shi, har tsakanin ƙofar da bango."

"Subhanallahi! To ƙofar na buɗuwa?"

"Tun safe dai ba ta buɗu ba."

"Ita baiwar Allahn tana ina?"

"Tana ciki. Ta taga matata ke miƙa mata abinci."

"Kai, wuƙa za ka saya ka yanke kumfar, ba bututu ba!"

"Zan saya, Baba, wallahi zan saya. Kwana biyun nan fa, wata na bakwai ke nan."

"To bututun na mene ne?"

Mutumin ya sosa gemu, ya rage murya.

"Ƙasan ƙofar ne ya rage. Har yanzu ina jin muryarta."