Minsharin Fergus

A wani kantin magani a Dundee, Lachlan ya shanye koren ruwan metadon, maganin da ake ba masu fama da jarabar ƙwaya, a gaban mai kanti, kamar yadda doka ta ɗora masa kowace safiya. Da ya juyo, sai ya ga wata tsohuwa a kan benci ta zuba masa ido.

"Mama, in kallo ne, ai sai a sayi tikiti."

"Haƙoranka nake kallo, ɗan nan. Irin na ɗana Fergus."

"Wannan koren ne ya cinye su. Hodar iblis ta tafi da hanci, shuɗayen ƙwayoyi suka tafi da tunani. Kowa ya ɗebi rabonsa. Shi Fergus me yake sha?"

"Hiroyin. Amma ya daina a gidan yari. Ya fito fes, har da kumatu."

"Ranar fitowa ce mai haɗari. Jiki ya manta, hannu bai manta ba, sai mutum ya auna irin na da, ya yi masa yawa."

"Haka likita ya ce." Ta gyara jakarta. "Ni dai na gode da bai wahala ba, cikin barci ya rasu. Wuni guda ina jin minsharinsa, har na rage talabijin kada in tashe shi. Rabonsa da barci haka tun yana yaro."

Lachlan ya san wannan minsharin. Numfashin wanda ƙwaya ta yi wa yawa ne yake ƙarewa a hankali, kuma maganin fesawa a hanci irin wanda hannunsa ke taɓawa a aljihunsa yakan dawo da shi. Ya zare hannunsa daga aljihun.

"Barci ne, Mama," ya ce. "Barci mai daɗi."