Likita mai ɗiyar roba

Raina abin da ba ka sani ba mugun hali ne, kuma shi ya ci Malam Ɗanjuma. A tashar Madarumfa, ana jiran motar Maradi ta cika, ya zauna kusa da wata tsohuwa mai rungume da jikanta.

"Hajiya, likitocin yanzu sai addu'a," in ji shi. "Wani Anas ya zo neman ɗiyata Farida, ita ma tana son shi. Na bi shi asibiti bincike, na iske ƙaton namiji durƙushe kan ɗiyar roba, yana danna mata ƙirji. Wai ceton yara ake koya masu. Na ce kar ya sake taka ƙofata."

"Dogo, mai wushirya?"

"Shi ne. Ke ma kin ga haukan?"

"Na gani, Malam. Ka ga ɗan nan? Ƙwayar gujiya ta maƙale masa a maƙogwaro, har kuka ya gagare shi. Anas ya kifa shi bisa hannu, ya bubbuga bayansa, gujiya ta faɗo. Ya ce a kan robar ya koya."

"To, ko yanzu in ya dawo sai mu duba."

Ta yi dariya. "Ina zai dawo? Ranar ya ga autata, suka daidaita. Kayan biki za ni saye Maradi."

Malam Ɗanjuma ya rasa suruki, ya rasa likita a gida, Farida kuwa har yau gaisuwa kaɗai ke haɗa ta da uban nata.