Kwanona a Layin Hatsi

Salamu alaikum, jikana mai karanta wasiƙu a rediyo, angona marowaci, ko goro ba ka aiko ba.

Daga unguwar Boukoki nake. Da aka fara rabon hatsi saboda farin nan, masu ƙarfi ke turewa su karɓa, mu tsofaffi mu koma hannu wofi, jikoki su kwana da yunwa. Sai mai unguwa ya kafa doka: kowane gida kwano ɗaya a layi, mutum ya zauna inuwa, kwano ya tsaya masa.

Jiya wani ƙaton direba ya shure nawa. Sojan da ke gadi ya ce, "Malam, kwanon Inna ya riga ka, koma baya." Na samu rabona na hatsi, tiya guda, wato kwanon awo ɗaya.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: ran da sojan nan bai zo ba, wa zai tsare mini kwano?