Gidan da ke cikin takardar bankinmu

Assalamu alaikum. Shugaban ƙaramar hukuma, liman, dattawan Sirajganj, matar yayanmu Bhabi Shefali da ɗanmu Tanvir, 'yan uwana masunta da masaƙa, sannunmu da haƙuri.

An ce in yi magana a kan yayan namu, marigayi Lauya Mozammel Pramanik. Ni Jobbar mai jefa taru ne, ku yi mini uzuri in murya ta ƙi.

Ya kasance mai faɗa, kowa ya sani. Ya kasance mai kafewa a kan doka har ya ba ka haushi. Da muka tashi kafa bankin ajiyarmu, shi ya rubuta takardar kafuwa. Doka ta ce a sa suna, da manufa, da hannun masu kafawa, da adireshi tsayayye. Nan muka maƙale. Wa ke da adireshi tsayayye a cikinmu? Kogin Jamuna ya cinye ƙauyen kakana, ya cinye na ubana, ni kaina na gaji da ƙaura da kwanon rufi a ka.

Na ce, "Yaya Mozammel, rubuta ko'ina mana, wa zai zo dubawa?"

Ya harare ni. "Jobbar, tsaya a kifinka. Ba na ɗora amanar mutane a kan ƙarya."

Sai ya rubuta gidansa na kan tudu. Falonsa ya zama banki, Bhabi na ta dafa mana shayi.

Bara ciwon ƙoda ya kwantar da shi, likitoci suka ce sai babban asibitin Dhaka, ga shi babu kuɗin magani. Tanvir ya samo mai sayen gidan. Muka je muka roƙe shi ya sayar, a gyara takardar daga baya.

Ya ce, "Ina za ku rubuta? Tsakiyar kogi? In aka janye lasisi, matan nan masu ajiya ƙarƙashin katifa za su koma ɓoyon kuɗinsu, ambaliya ta kwashe."

Ya ƙi sa hannu. Ya kasance, har ranar ƙarshe, mai taurin kai saboda mu.

Bhabi, Tanvir, mun san abin da muka jawo muku, wallahi kunyar haɗa ido muke ji. Jiya na je in ce za mu tashi mu bar muku gidanku. Tanvir ya tare ni a ƙofa, ya ce, "Baffa, Abba ya mutu a kan adireshin nan, kada ku taɓa shi."

Mun gode muku, mun gode wa kowa. Shi da ya ba mu adireshi, Allah ya gafarta masa, ya ba shi gidan da kogi ba ya ci. Amin.