Kashe Kafin Tsohuwar Ta Faɗo

A bakin shagon shayi a Misfala, dab da la'asar, wani magini yana ta dariya kan wayarsa. Dattijon da ke gefensa ya taɓa shi.

"Samari, rage sauti."

"Baba, wasan barkwancin mutanen Ailan ne. Ƙato ne ya sa kayan tsohuwa."

"Namiji da kayan mata, a Makka? Yanzu 'yan hai'a, hisbar garin nan, za su fito kora mutane salla. Kashe kafin tsohuwar ta faɗo daga kujera, in an zo wurin nan ba mai iya danne dariya."

"Ashe kai ma ka kalla. Ni dai iƙamata, takardar izinin zama, lafiya take."

Dattijon ya dubi titi, ya rage murya.

"Taka ke nan. In suka tsaya, ba kai kaɗai za su tambaya ba."